Tarihin Raifaizan, Magajin Garin da Ya Ƙwaci Manoman Jamus Daga Hannun Masu Cin Riba

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Jamus ne, mu ji tarihin wani Bature mai suna Friedrich Wilhelm Raiffeisen, wanda ake furta sunansa Raifaizan. Mutumin nan bai yi sarauta ba, bai ci yaƙi ba, bai kuma tara dukiya ba, amma yau shekara fiye da 130 da rasuwarsa sunansa na nan a ƙofar bankuna a Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Dalilin da ya sa na ga ya dace mu san shi kuwa shi ne, ciwon da ya yi wa magani ciwo ne da kowane ɗan kasuwa a Sabo ya sani, wato rashin jari da bashi mai ruwa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Raifaizan ran 30 ga watan Maris na shekarar 1818 a wani ƙaramin gari mai suna Hamm, a yankin Westerwald da ke yammacin Jamus. A lokacin nan Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, yankin nasu yana ƙarƙashin masarautar Furushiya ne. Ƙasa ce mai tuddai da sanyi, gonakinta ba su da albarka sosai, mutanenta kuma yawancinsu ƙananan manoma ne. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa ya taɓa riƙe magajin garin Hamm, amma aka tuɓe shi a kan wata magana ta kuɗi tun yaron yana jariri, saboda haka ɗawainiyar gida ta koma wuyan mahaifiyarsa. Ya yi makarantar garinsu, sa'an nan limamin cocin garin, wani mai suna Seippel, ya riƙa ba shi ƙarin karatu a gida. Halin zuwa jami'a dai babu shi.

Yana ɗan shekara 17, a 1835, ya shiga soja a sashen masu harba igwa a birnin Kolon. Ya yi ƙoƙari har ya sami ƙarin girma, sai ciwon ido ya kama shi, wanda ya tilasta masa ajiye kaki a 1843. Wannan ciwon ido bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan aka ɗauke shi aikin gwamnati a matsayin akawu, kuma a farkon 1845 aka naɗa shi magajin garin Weyerbusch. Magajin gari a tsarinsu na lokacin ma'aikacin gwamnati ne, kamar hakimi a wurinmu, domin ƙauyuka fiye da 20 ne ke ƙarƙashinsa. A wannan shekara ce kuma ya auri matarsa Emilie.

Da ya kama aiki ya tarar makaranta ta lalace, hanya kuwa da damina sai laka. Ya sa aka gina sabuwar makaranta, ya kuma dage a kan a yi hanya daga yankin zuwa bakin kogin Rayin, domin ya lura muddin manomi ba zai iya kai amfaninsa kasuwa da kansa ba, to duk farashin da mai saye ya yanka masa a ƙofar gida shi zai karɓa.

Shekarar yunwa

A 1846 ciwo ya faɗa wa dankalin turawa a ƙasashen Turai da dama, hatsi ma bai yi kyau ba, sai ga hunturu mai tsanani ya biyo baya. Yunwa ta shiga ƙauyukan Weyerbusch. Gwamnati ta aiko da garin alkama daga rumbunanta, amma da sharaɗin a sayar da shi kuɗi hannu. To, wanda yunwa ta fi ci shi ne wanda ba shi da ko anini. Raifaizan ya duba ya ga in ya bi wannan umarni abincin zai ƙare ne a gidajen masu hali, sai ya raba shi bashi ga talakawa, aka rubuta sunan kowa da abin da ya karɓa. Na gaba da shi ya fusata ya yi masa kashedi, domin abin da ya yi zai iya jawo masa kora.

Bai tsaya nan ba. Ya tara masu ɗan hali na yankin suka kafa wata ƙungiya da aka fi sani da ƙungiyar burodi. Suka haɗa kuɗi, suka ranto wasu da sunansu, suka sayo gari da yawa a farashin sari, suka gina gidan burodi na gari. Ta haka farashin burodi ya sauko kusan rabi. Da lokacin shuka ya zo ƙungiyar ta sayo irin dankali ta raba wa manoma bashi. Da aka yi girbi mutane suka biya. Abin da ya koya daga wannan shekara shi ne, talaka yana biyan bashi in aka ba shi a lokacin da ya dace, aka kuma jira shi zuwa lokacin da zai samu.

Bashin saniya

A 1848 aka mai da shi Flammersfeld, mai ƙauyuka fiye da 30. A nan ne ya ga yadda riba ke cinye gida. Manomi na buƙatar saniya don nono da noma da taki, ba shi da kuɗi, sai mai fataucin shanu ya ba shi bashi a farashi mai tsada, ko ya ajiye masa ita ya yi ta kiwo, in ta haihu ɗan maraƙin na mai ita ne. Manomin bai iya lissafi ba, takardar da ya sa wa hannu bai san abin da ke cikinta ba. In lokacin biya ya yi bai samu ba, a ƙara masa wa'adi a ƙara ruwa. Ana haka har ranar da mai bashi zai zo ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya, a daidai lokacin da ya san babu, sai kotu ta yi gwanjon saniya da gona da gida. Duk wanda ya san yadda falle ke yi wa manomi a ƙauyukanmu na Arewa, ya karɓi kuɗin buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai bankunan ajiya a Jamus tun kafin wannan lokaci, irin waɗanda hukumomin gari ke kafawa don ma'aikata da barori su riƙa ajiye ɗan abin da suka samu. Amma suna birni ne, kuma ba su ba da rance sai da jingina mai ƙarfi. Ƙaramin manomi na ƙauye ko ƙofarsu bai sani ba.

A watan Disamba na 1849 Raifaizan ya shawo kan masu hali 60 suka kafa ƙungiyar taimakon manoma marasa ƙarfi. Dabarar da suka yi ita ce, duk su 60 ɗin suka tsaya wa juna, kowa ya sa dukiyarsa a matsayin lamuni. Da wannan lamuni ƙungiyar ta sami rancen kuɗi mai sauƙi daga birni, ta riƙa sayen shanu tana ba manoma, su biya kaɗan-kaɗan cikin shekara biyar. Daga baya suka ga sayen shanun na ba su wahala, sai suka koma ba da kuɗin kai tsaye.

Daga sadaka zuwa taimakon kai da kai

A 1852 ya zama magajin garin Heddesdorf, kusa da birnin Neuwied a bakin Rayin. A 1854 ya kafa wata ƙungiyar jinƙai mai ayyuka da yawa: kula da yaran da ba su da mai kula da su, nema wa waɗanda suka fito daga kurkuku sana'a, buɗe ɗakin karatu, da ba da rance. Da farko abin ya yi armashi. Amma da shekaru suka tura sai masu kuɗin suka fara gajiya, wannan ya janye, wancan ya daina zuwa taro. Sauran ayyukan duk suka mutu, sashen rance kaɗai ya rage.

Wannan abu ya sa ya sake tunani. Ya gane cewa ƙungiyar da ta dogara ga tausayin masu kuɗi ranta na hannunsu, ran da suka gaji ta mutu. Dole masu karɓar rancen su zama su ne masu ƙungiyar. A kan wannan tsari aka kafa ta ƙauyen Anhausen a 1862, sa'an nan a 1864 ya rushe ta Heddesdorf ya sake gina ta a matsayin ƙungiyar ajiya da rance ta 'ya'yanta.

Ƙa'idojin da ya tsaya a kansu daga baya su ne waɗannan. Ƙungiya kada ta wuce ƙauye ɗaya ko unguwar coci ɗaya, yadda kowa ya san kowa, an san mai ƙwazo, an san mashayi, an san wanda in ya ce saniya zai saya to saniyar zai saya. Rance na 'yan ƙungiya ne kaɗai, kuma sai mutum ya faɗi abin da zai yi da kuɗin, ya kawo wanda zai tsaya masa. Wa'adin biya mai tsawo ne, daidai da yadda noma ke kawo kuɗi. Duk 'yan ƙungiya suna ɗauke da nauyin bashinta da dukan abin da suka mallaka, wanda hakan ya sa kowa ya zama mai sa ido, domin in wani ya ci ya gudu gonarka ce za ta biya. Shugabanni ba su da albashi, mai riƙe littafin kuɗi kaɗai ake biya. Ribar da aka samu kuwa ba a rabawa, ana tara ta ne a wani asusu da ba mai ikon taɓawa, ko da ƙungiyar ta watse, don kada wata rana kwaɗayin rabon ya sa a rushe ta.

A daidai wannan lokaci jarrabawa ta yi masa yawa. Matarsa Emilie ta rasu a 1863 ta bar shi da yara ƙanana. Ya kamu da wani zazzaɓi na annoba a wajen zagayen duba marasa lafiya, idonsa ya ƙara lalacewa. A 1865, yana da shekara 47, aka yi masa ritaya da ɗan fansho wanda bai isa ya riƙe gida ba. Ya gwada sana'ar taba sigari ba ta karɓe shi ba, ya koma cinikin giyar inabi. Mai karatu zai yi zaton labari ya ƙare a nan, alhali kuwa babban aikinsa yana gaba.

A 1866 ya fitar da littafi a kan ƙungiyoyin rance da yadda za su magance talaucin mutanen karkara. Littafin bayani ne dalla-dalla na yadda ake kafa ƙungiya, da tsarin mulkinta, da yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗi. Ƙungiyar manoma ta lardin Rayin ta karɓe shi hannu biyu, limaman coci da malaman makaranta suka riƙa kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙauyukansu. Shi kuma ya riƙa yawo gari-gari yana bayani, ga shi kusan makaho. Babbar 'yarsa Amalie ita ce ta zama idonsa da alƙalaminsa, tana karanta masa wasiƙu tana rubuta abin da ya faɗa. Masu tarihi sun nuna cewa don kada ya rasa ta bai bar ta ta yi aure ba, har ta rasu a 1897. Wannan yana cikin abubuwan da ake zarginsa da su, kuma zargin yana da hujja.

Uwar ƙungiya ta lardi

Da ƙungiyoyi suka yawaita sai wata matsala ta ɓullo. Ƙauye ɗaya duk sana'arsu ɗaya ce, saboda haka lokacin da kuɗi ke shigowa kowa na kawo ajiya ba mai neman rance, lokacin shuka kuma kowa na neman rance ba mai ajiya. Ga wata ƙungiya kuɗi na kwance a akwati, ga wata can tana juya masu buƙata hannu wofi. Maganin da ya kawo shi ne a yi wa ƙungiyoyin banki nasu na lardi. A 1872 aka kafa shi a Neuwied don ƙasar Rayin. Mai rara ta kai can, mai gibi ta ranto daga can, kuɗin ƙauye ya riƙa zagayawa a tsakanin ƙauyuka. An yi irinsa a wasu larduna biyu, a 1874 kuma aka ɗora musu babba guda a sama.

A nan ne ya yi karo da wani gwarzon, Hermann Schulze-Delitzsch, lauya kuma ɗan majalisa, wanda shi ma ya kafa ƙungiyoyin rance amma na masu sana'ar hannu da 'yan tireda na birni. Shi Schulze yana ganin dole kowane ɗan ƙungiya ya sa hannun jari, a raba riba, a biya ma'aikata, rance kuma ya zama na 'yan watanni. Yana ganin haɗari ne a karɓi ajiyar da mai ita zai iya nema gobe a ba da ita bashin shekaru. Maganarsa ba ta banza ba ce. Gwamnatin Furushiya ta tura kwamiti ya zagaya ƙungiyoyin Raifaizan ya duba littattafansu, ya dawo da rahoto mai kyau. Duk da haka Schulze ya kai maganar bankunan lardin gaban majalisar ƙasa a 1876, aka ga tsarinsu ya saɓa wa dokar da ke akwai, dole aka rushe su. Raifaizan bai karaya ba, a cikin shekarar ya sake kafa babban asusun a Neuwied da sabuwar rajista ta kamfani.

A 1877 ya ƙara da abin da a ganina ya fi kome muhimmanci, wato haɗaɗɗiyar ƙungiya da ke kula da ƙananan. Aikinta ba ajiyar kuɗi ba ne. Ita ke koya wa sababbi yadda za su fara, ita ke ba da shawara a kan doka, ita ke magana da gwamnati da yawunsu, ita ke buga musu jarida da littattafan lissafi iri ɗaya, ita ce kuma ke tura mai binciken kuɗi daga waje ya zo ya buɗe littafin ma'aji. Dalili kuwa a fili yake: a ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne, kunya ba za ta bar mutum ya tuhumi surukinsa ba, amma baƙon da aka aiko ba ruwansa. Su ma bankunan ajiya na birane sun bi irin wannan hanya, domin a 1881 na yankin Rayin da Westfaliya suka haɗu suka yi ƙungiyarsu, a 1884 aka yi ta ƙasa baki ɗaya. Dokar Jamus ta 1889 ta mai da binciken littattafan ƙungiyoyin gama kai wajibi, ta kuma ba da damar taƙaita nauyin bashin da ke kan kowane ɗan ƙungiya.

Akwai wani tabo a tarihinsa da bai kamata a ɓoye ba. A wasu rubuce-rubucensa ya ɗora laifin cin riba a kan Yahudawa 'yan kasuwa a jimlace, alhali masu wannan hali akwai su a cikin Kiristocin ma. Mu da ke zaune a garin wasu muna fatauci mun san ɗacin a ɗauki laifin mutum ɗaya a shafa wa ƙabila duka.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Raifaizan ya rasu ran 11 ga Maris 1888 a Heddesdorf, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 70. A lokacin ƙungiyoyi fiye da 400 ne ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsa. Tsarin ya shiga Ostiriya a 1886, ya shiga Holan da Suwizalan kafin ƙarnin ya ƙare. Bankin Rabobank na Holan, harafi biyu na farkon sunansa daga sunan mutumin nan aka ɗauko su. A Jamus kuwa, magadansa da magadan abokin hamayyarsa Schulze sun haɗe a 1972. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tsarin ƙungiyoyin gama kai cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Har ƙasarmu abin ya iso, ta hanyar Indiya. Wani jami'in Ingila mai suna Nicholson ya yi nazarin bashin manoman Madras ya ba da shawarar a kwaikwayi tsarin Raifaizan, aka yi doka a kan haka a 1904. Wani jami'in kuma, Strickland, wanda ya yi wannan aiki a Panjab, shi aka gayyato Nijeriya ya rubuta rahoto a 1934, a kan rahotonsa aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935.

To 'yan'uwa, ina ruwanmu da wannan labari? Abu na farko da za a ce shi ne ƙungiyoyinsa suna karɓar ruwa, ko da yake kaɗan ne, mu kuwa addininmu ya haramta riba komai ƙanƙantarta. Gaskiya ne, wannan ɓangare ba namu ba ne. Amma ginin bai tsaya a kan ruwan ba, ya tsaya ne a kan sanin juna da tsaya wa juna da rubutu da bincike. Wani masani ɗan Masar, Ahmad al-Najjar, ya yi karatu a Jamus ya ga yadda bankunan ajiyarsu na gari ke aiki, ya koma gida ya buɗe irinsu ba tare da ruwa ba a garin Mit Ghamr a 1963, kuma ana lissafa wannan cikin mafarin bankin Musulunci na zamani. Malamanmu sun san hanyoyin halal: rance don Allah, da ba da jari a raba riba, da saya wa mutum kaya a sayar masa da riba sananniya ya biya a hankali.

Adashi muna da shi tun kaka da kakanni, maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da esusu. Amma adashi in an kwashe ya ƙare, ba ya barin kome a ƙasa, in uwar adashi ta mutu ko ta gudu shi ke nan. Cinikinmu na shanu da goro da kayan gwari kusan duk a kan amana yake tafiya, maigida ya tsaya wa baƙo, dillali ya tsaya wa mahauci, ke nan sanin junan da Raifaizan ya sha wahalar nema mu muna da shi a hannu. Abin da muka rasa shi ne asusun da ba a rabawa, da littafi, da mai bincike daga waje, da uwar ƙungiya da za ta haɗa Sabon wannan gari da na wancan. Mun ga bankuna 26 da aka rufe a 1998, mun ga yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, mun ga 'yan'uwanmu da suka rasa dukiya a rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Duk sanda irin wannan ta faru sai a bi masallatai da faranti, alhali da akwai asusu tun kafin ranar da ba a kai ga haka ba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu da sarakunan Hausawa da malamai ita ce a zauna a duba wannan magana. A fara da kaɗan, kowace sana'a da nata, a yi rajista, a rubuta kome, kada a ji kunyar bincike ko da ma'ajin limami ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga riba da cin amana, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.